Daga Kano Zuwa Gaɓar Tekun Gana: Yadda Tafiyarmu Ta Kasance

Mu huɗu ne, dukanmu mun yi sakandare tare a Kano, kuma tun da kowa ya yi aure ya kama sana'arsa ba mu ƙara kwana a wuri ɗaya ba sai a wannan tafiya. Babbanmu, wanda muke kira Alhaji, shi ya kawo shawarar mu je mu ga bakin tekun Gana, domin kakan mahaifinsa yana cikin fataken da suka riƙa zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, sayen goro, kuma ya taso yana jin labarin ƙasar a bakin tsofaffin gidansu. Muka buɗe asusu, kowa yana zuba naira 50,000 duk wata a hannun ɗayanmu da muka naɗa ma'aji, har wata takwas, sannan muka tsayar da ranar Talata 9 ga Janairun 2024 a matsayin ranar tashi. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne, kusan duk wahalar da muka sha a hanya mu muka jawo wa kanmu da rashin sanin ƙananan abubuwa, waɗanda da wani ya faɗa mana tun muna gida da ba mu yi asarar kwanaki da kuɗi ba.

Na fara da takardu, domin nan muka fara tuntuɓe. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza kafin ya shiga Gana, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga su zauna har kwana 90, amma dole ya riƙe fasfo mai rai ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS. Ni da Alhaji muna da fasfo, ma'aji ya sabunta nasa, ƙaraminmu kuwa, wanda muke wa laƙabi da Auta, bai taɓa yi ba. Ana cike takardar neman fasfo a intanet, a biya kuɗi, a zaɓi rana, sannan a je ofishin shige da fice a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ranar da Auta ya je, sai aka ga rubutun sunan mahaifinsa a takardar da ya cike ya saɓa da wanda ke kan lambarsa ta zama ɗan ƙasa, bambancin harafi biyu kacal, kuma shi da kansa ya yi kuskuren. Sai da ya koma ya gyara, abin da ya ci kusan mako uku. Duk wanda sunansa ke da rubutu iri biyu ko uku, kamar yawancinmu masu Muhammadu da Abubakar, ya ajiye takardunsa gaba ɗaya a kan tabarma ya gwada su harafi da harafi kafin ya biya ko kwabo.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira katin rawaya saboda launinsa. Shi ma a intanet ake biyan kuɗinsa, sai a ɗauki shaidar biya da fasfo a tafi ofishin lafiya na mashigin ƙasa a yi allura a karɓi kati. Mu ukun mun yi tun watan Nuwamba. Auta, saboda jiran fasfonsa, bai samu ya yi ba sai 4 ga Janairu, kuma a nan ma'aikaciyar jinyar ta tambaye shi ranar tafiyarsa, ta ce masa: "Malam, katin nan ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar." Lissafi ya nuna cewa za mu isa iyakar Gana yana da kwana bakwai. Aka yi muhawara mai zafi a shagon Alhaji, wani na cewa mu tafi a haka ba wanda zai duba kwanan wata, amma daga ƙarshe muka ɗaga tafiyar da mako guda, zuwa 16 ga wata. Mun gode Allah da muka ɗaga, domin a hanya an buɗe katin an karanta kwanan watan a gabanmu. Abin daɗin shi ne allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, don haka katin abin adanawa ne kamar takardar gida.

Kan batun kuɗi, ƙasashe uku za a ratsa bayan Najeriya, da kuɗi iri biyu: sefa a Jamhuriyar Benin da Togo, sidi a Gana. A lokacin yawancin katinan cirar kuɗi na naira ba sa aiki a ƙasar waje, ga kuma naira tana ta faɗuwa kusan kowane mako, don haka ma'aji ya je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ya mayar da kashi biyu cikin uku na asusun dala, ya sayo sefa kaɗan ta ruwa da abincin hanya, ya bar saura a naira. Muka raba kuɗin gida huɗu, kowa ya ɗaure nasa kason a jikinsa, saboda kada tsautsayin mutum ɗaya ya zama na kowa.

Daren Talata muka shiga motar Legas, muka sauka ranar Laraba a gajiye, muka kwana a Agege wurin wani ɗan'uwan ma'aji. Da asubar Alhamis muka isa tashar motocin da ke zuwa Akara, birnin da iyayenmu ke kira Ankara. Mun zaɓi babbar mota ta kamfani wadda ke tafiya kai tsaye, ko da yake ta fi tsada, maimakon a riƙa sauya ƙananan motoci a kowace iyaka, kuma har yau ina ganin mun yi daidai. An ce mana ƙarfe shida za a tashi, ba a tashi ba sai bakwai da rabi. Tsakanin Legas da Akara bai kai kilomita 500 ba, wato bai kai rabin nisan Kano zuwa Legas ba, kuma wannan ne ya yaudare mu muka zaci za mu yi la'asar a Akara. Hanyar Badagiri kaɗai ta cinye mana safiya saboda cunkoso da shingayen bincike. A Seme aka sauke mu, aka buga mana hatimin fita daga Najeriya da na shiga Benin, muka ratsa Kwatano cikin tururuwar 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa, muka bi gefen teku har Hilakonji. Can ma hatimi biyu, fita daga Benin da shiga Togo. Gaɓar tekun Togo gajera ce ƙwarai, kimanin kilomita 50, kafin mutum ya gyara zama ya wuce Aneho ya shiga Lome, kuma iyakar Aflao tana manne da birnin, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Jimla hatimi shida ke nan a zuwa, shida a dawowa, saboda haka mai fasfo da shafuka suka kusa ƙarewa ya yi lissafi tun da wuri.

A ɗaya daga cikin waɗannan iyakokin wani ya karɓi sabon fasfon Auta, ya jujjuya shi, ya ce tunda ba a taɓa buga masa hatimi ba akwai abin da ake bayarwa. Alhaji ya matsa kusa ya ce cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, idan doka ce za mu biya, a ba mu rasit kawai." Aka bar mu tsaye kusan minti arba'in, sauran fasinjoji suna harararmu, sannan yaron motarmu ya shiga tsakani aka sallame mu. Ban ce kowa ya yi yadda muka yi ba, domin jiran yana da ɗaci, amma ya kamata matafiyi ya san cewa za a iya yi masa irin wannan magana, kada ta zo masa a ba-zata. Wani abin da ya ruɗe mu shi ne agogo. Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, Togo da Gana kuwa suna bayanmu da awa guda. Wayoyinmu biyu suka gyara kansu, biyu suka ƙi, har muka yi gardama a kan ko magariba ta yi, sai da muka leƙa taga muka duba rana. Mun haye gadar kogin Bolta a Sogakope cikin duhu, muka shiga Akara wajen ƙarfe tara na dare, muka tarar da tituna fayau saboda Gana na buga ƙwallo da Masar a gasar kofin Afirka.

A Nima muka sauka, kuma duk Bahaushen da ya isa Akara bai san kowa ba, can zan tura shi. Tun daga bakin titi muka ji ana ciniki da Hausa, ko da yake Hausarsu ba ta cika bambanta namiji da mace ba, sai ka ji an ce "matar ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Mun sami ɗakuna biyu a wani ƙaramin masauki a kan kimanin sidi 250 kowanne. Da safe muka karya da koko da ƙosai, da rana muka ci abin da suke kira wace, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dawa har ta yi ja, kuma sunan ma daga waken Hausa ya fito. A nan muka canza dala zuwa sidi, muka yi rajistar layin waya ɗaya da fasfon ma'aji. Sai a kula da cewa tun 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, amma wasu dattawa har yanzu da tsohon lissafi suke magana. Wata tsohuwa mai ayaba ta ce wa Auta dubu hamsin, ya ja da baya a tsorace, ashe sidi biyar take nufi. Mun yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka gina da taimakon Turkiyya bisa salon ginin Daular Usmaniyya aka buɗe a 2021, da yamma kuma muka ziyarci hubbaren Kwame Nkrumah, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara, muka zaga ta tsohuwar unguwar masunta ta Jamestown.

Ranar Asabar muka nufi tashar Kaneshi, inda ake samun motocin yamma. Daga Akara zuwa Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, amma mun yi sakaci ba mu fito ba sai ƙarfe tara, ba mu san cewa Asabar ce ranar bukukuwan jana'iza a kudancin Gana ba, kowa na kan hanyar garinsu cikin baƙaƙe da jajayen kaya. A Kasoa, garin da sunansa ya samo asali daga kalmar kasuwa, mun shafe fiye da awa guda mota ba ta motsa kirki ba. Tafiyar da muka ƙiyasta awa uku ta zama biyar. Muka kama masauki kusa da teku, muka tambayi hanyar zango da ke wajen kasuwar Kotokuraba domin samun masallaci da naman da muka amince da yankansa, ko da yake a bakin teku kifi ya wadatar da mu. Da la'asar muka sauka rairayi. Tekun nan ba irin kogin da muka saba wanka a ciki ba ne, igiyarsa tana dukan mutum sannan ta ja yashin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta koma da shi. Ma'aji ya tsaya ɗaukar hoto ruwa iya ƙauri, igiya ɗaya ta kayar da shi, ta tafi da takalminsa ƙafa ɗaya, ta jiƙe wayar da muka sa wa layin Gana. Wani masunci da ke gyaran taru ya yi dariya ya yi mana nuni da hannu mu koma baya.

Lahadi muka tafi gandun dajin Kakum, kimanin kilomita 30 arewa da garin. Kuskurenmu a nan ma na lokaci ne, mun isa da tsakar rana muka tarar da motocin 'yan yawon buɗe ido jere. Ana sayen tikiti a ƙofa, kuma kuɗin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa, ɗan Najeriya kuwa baƙo ne komai baƙin fatarsa. Muka jira fiye da awa guda kafin a haɗa mu da jagora, sannan muka hau tudu cikin kurmi mai gumi har rigunanmu suka manne. Abin da ake zuwa gani shi ne gadar igiya da aka ɗaura a saman manyan bishiyoyi tun 1995, gadoji bakwai a jere, tsawonsu gaba ɗaya ya kusa mita 350, tsayinsu daga ƙasa ya haura mita 30. Faɗin abin takawa katako ɗaya ne, raga ta kewaye shi har ƙirji, kuma duk takun wanda ke bayanka sai ka ji shi a gwiwarka. Na kai tsakiyar gada ta farko na yi kuskuren duba ƙasa, ban ga ƙasar ba sai kan bishiyoyi kore shar, ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa. Alhaji yana bayana yana cewa: "Malam, kai da ke wa yara wa'azin tawakkali, taka mana mu wuce." Na riƙe igiya hannu bibbiyu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina har na ƙetare. Akwai giwayen kurmi da birai a dajin, amma da hayaniyar mutane da zafin rana ba mu ga komai ba sai malam-buɗe-littafi da tsuntsaye kaɗan.

Ranar Litinin ce ta fi tsaya mini a rai. Mun je katafaren ginin Cape Coast da ke kan duwatsun bakin teku, wanda Turawan Suwidin suka fara kafawa a 1653, daga baya ya koma hannun Ingilishi, kuma garin ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da suka mayar da ita Akara. Bayan sayen tikiti, ana tara mutane rukuni-rukuni a bi jagora. Ya gangara da mu cikin kurkukun maza, ɗakunan dutse masu duhu da 'yan ƙananan tagogi can sama, ya nuna mana cewa abin da muke takawa ba dutse ba ne zalla, dattin jikin mutanen da aka tsare ne ya daskare a kai tsawon shekaru. Sai ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ba wanda ya yi tari. Muna jin ƙugin teku ta cikin bango, ga wani wari mai nauyi da har yau bai bar wurin ba. Daidai saman wannan kurkuku Turawan suka yi ɗakin ibadarsu, can sama kuma ɗakunan gwamna ne masu manyan tagogi da iska ke kaɗawa. Daga nan ya kai mu ƙofar da ake fitar da bayi zuwa jiragen ruwa, wadda suke kira ƙofar da ba a dawowa, muka fita ta cikinta muka tarar da masunta suna ɗinkin taru, yara suna wasa a gindin kwale-kwale.

A nan Alhaji ya tambayi jagoran daga ina aka riƙa kawo mutanen. Ya ce da yawa daga arewa, ta kasuwar Salaga, a tako da su a ƙasa har rafin Assin Manso inda ake musu wankan ƙarshe kafin a kawo su gaɓa. Salaga kuwa a ƙasar Gwanja take, kasuwar da fatakenmu suka riƙa zuwa sayen goro, kuma ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Alhaji bai ƙara cewa uffan ba har muka fito, abincin rana ma kaɗan ya taɓa. A ganina kuskure ne a haɗa wannan wuri da wani yawo a rana ɗaya, domin mutum yana fitowa ba ya da sauran sha'awar ɗaukar hoto. Da dare muka zauna a masauki ana kallon wasan Gana da Mozambik, Gana na gaba da ci biyu, aka farke duka a mintunan ƙarshe. Da yake Najeriya ta ci nata wasan a ranar, muka lallaɓa ɗakunanmu ba tare da an ji bakinmu ba.

Talata muka tafi Elmina, tafiyar kilomita 12 ko 13, da niyyar ganin kasuwar kifi da kwale-kwale masu tutoci suna shigowa ta bakin tafkin Benya. Muka tarar da su duka a ɗaure, ashe bisa al'adar masuntan yankin ba a fita kamun kifi ranar Talata. Muka shiga tsohon ginin da Turawan Fotugal suka gina a 1482, wanda 'yan Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, aka nuna mana farfajiyar da ake tsare mata da ɗakin da aka ajiye Sarkin Ashanti Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a kore shi daga ƙasar. Muka hau tudun da ke fuskantarsa, inda ake hango garin da tafkin da teku a lokaci ɗaya. Saboda kasuwar kifin muka sake dawowa Laraba da hantsi, kuma ta cancanci dawowar, sai dai hakan ya cinye ranar da muka ware domin Nzulezu, ƙauyen da aka gina a kan ruwa can yamma kusa da iyakar Kodebuwa. Ba mu je ba.

Da zan sake wannan tafiya, zan kammala fasfo da katin rawaya wata biyu kafin ranar tashi, in ɗauki hotonsu in ajiye a waya da kuma a takarda. Zan ba hanyar Legas zuwa Akara yini guda cur ba tare da na sa wani abu a ranar ba, in bar Akara da asuba kuma ba ranar Asabar ba, in isa Kakum kafin ƙarfe takwas a tsakiyar mako, in kauce wa Elmina ranar Talata. Zan canza duk sidin da nake buƙata tun a Akara, domin a Cape Coast mun nemi mai karɓar naira mun rasa, sai da ɗan dalar da ta rage ta cece mu. A dawowa mun bi hanyar da muka zo, aka sake neman katin rawaya, aka cika mana hatimi goma sha biyu, muka shiga Kano ranar Lahadi da safe. Da ma'aji ya baje littafinsa a shagon Alhaji, sai aka ga naira 400,000 ɗin kowa ba ta isa ba, kowannenmu ya cika 60,000, ban da kuɗin gyaran wayarsa da sabon takalmi, waɗanda muka yanke cewa shi zai biya da kansa.